Shekarar da Muka Sauke Kujerar Yaya Idi

Na gode wa Allah da ya ara mini kwana da hankali har na iso wannan babi, domin shi nake ta kewayewa tun da na fara rubutun nan, kamar mai sabon zane ta iso bakin kwata. Rahinatu ce ta tura ni ciki. Ranar sunan ɗanta na uku, tsakar gida cike da mata ana rabon koko da ƙosai, ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Gwaggo Zenabu, wai da gaske ke kika cire Baba daga Tsawa?"

"Wa ya gaya miki?"

"Duk Sabonjida an sani."

"To in duk Sabonjida an sani, me ya rage ki tambaye ni?"

Amsar banza na ba ta, kuma na san haka tun kafin in rufe baki. Rahinatu 'yar yayana ce, Iddirisu, wanda muke kira Yaya Idi, tana kuma da haƙƙin ta ji daga bakin da ya yi aikin. Ku ma 'ya'yana, da 'ya'yan Awudu da na Sule, kuna da wannan haƙƙi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ko da waƙar ta abin kunya ce.

Ku da kuka tashi kuka tarar da sunan Tsawa, ƙungiyar kiɗanmu, a jikin riguna da bayan motoci, kuna zaton daga sama ya faɗo. Daga shagon Babanmu, kakanku, ya fito, wani ɗan ɗaki a bakin titi wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. Malam Haruna mai rediyo ake kiransa. Yana gyaran rediyo da amfilifaya, yana ba da hayar lasifika ga masu biki da masu wa'azi, kuma rabin masallatan unguwarmu da lasifikarsa ake kiran salla. Wani soja ya taɓa kawo jita mai aiki da wuta a gyara masa, aka yi masa canjin wurin aiki, bai sake waiwayarta ba. Ƙanena Awudu, wanda hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, ya ɗauke ta ya jona da wata lasifika da takardarta ta yage. Abin da ya fito gurnani ne, kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Baba ya fito da gudu zai kashe wuta, Awudu ya rantse masa haka yake son ta. Daga wannan yagaggiyar lasifika aka haifi abin da 'yan boko ke kira kiɗan rok, tsofaffin unguwarmu Sabonjida kuma suke kira kiɗan maƙera. Awudu ya riƙe jita da waƙa, autanmu Sule ya riƙe bes, jita mai kaurin murya, Yaya Idi ya zauna a bayansu da ganguna. Suna waƙa da Hausa da Dagbanci kan abin da ke cin ran matasan Tamale, da ƙarar da ke sa kwanon rufi rawa. Ni kuwa Allah bai ba ni murya ba sai ta ciniki. Ni ke magana da masu fili da masu mota da masu kaset, ni ke ɗaga hanci in ce ba za mu zo ba alhali zuciyata na rawa. Tun ina jin haushin a kira ni Manaja har na saba.

Baba bai so abin ba, amma da ya ga ruwan ya fi ƙarfin tarewa sai ya haƙa masa hanya. Ya kafa doka biyu. Ta farko, da an ɗaga kiran salla a ajiye komai, ko a tsakiyar waƙa ne, ko minista ne zaune a gaba. Ta biyu, ba mai hawa dandamali da sunan Tsawa sai wanda ke ci daga tukunyar gidanmu. Yakan ce abokin ciniki a kan ciniki ake rabuwa da shi, amma wanda kuka sa hannu a kwano ɗaya sai ya yi tunani kafin ya cuce ka. Makullin ɗakin kayan kiɗa kuwa ya damƙa wa Mma, mahaifiyarmu, ta ɗaure a bakin zane. Ba ta taɓa zuwa wasanmu ba ko sau ɗaya, amma ko igiyar wuta ba ta fita gidan sai ta kwance wannan ƙulli. Abu na ƙarshe da Baba ya ƙera kafin ciwon ajali ya kwantar da shi shi ne kujerar Yaya Idi. Yayana dogo ne, in ya zauna a kujerar mutane gwiwoyinsa kan nemi haɓarsa. Baba ya samo jak ɗin babbar mota, irin wanda ake murzawa ya hau ko ya sauka, ya ɗora masa faffaɗan katako, ya lulluɓe da fatar akuya, ya murza har ya yi daidai da tsayin ɗansa.

A shekarar da nake ba ku labari Baba ya jima da rasuwa, sunanmu ya tsallake Kumasi ya kai Akara. Matan aure uku, da yara cike da tsakar gida, da ni da na dawo gaban Mma bayan rasuwar mijina, duk daga bakin lasifikar nan muke ci. Wata la'asar ana gwaji a gida, ina zaune a bakin ƙofa ina tsinkar ganyen miya na ayoyo, ladan ya ɗaga murya daga masallacin da ke bayan katangarmu. Awudu ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyar jita. Sule ya tsaya. Yaya Idi, wanda tun farkon Tsawa shi ke fara ɗaga sanduna sama kafin ladan ya gama kabbarar farko, ya ci gaba da duka. Idonsa a rufe, gumi na zuba, shi kaɗai, har ladan ya kai rabi. Da ya buɗe ido ya ga kowa tsaye, sai ya ajiye sandunan a hankali, ya tashi ya ɗauki buta. Mma ta leƙa tukunya kamar wani abu ya faɗa ciki. Ni kuma na ci gaba da tsinkar ganye har da karan.

Shekaru da yawa da kunnensa a bakin manyan lasifiku, ƙara ta ci abin da za ta ci. Kowa ya gane, amma a gidanmu ƙane ba ya duban yayansa ya ce masa ka gaza. Sai kowa ya ƙirƙiro dabara. Sule ya fara buga ƙafa a ƙasa da ƙarfi don Yaya ya riƙa bin ta da ido. Awudu ya koyi gyaɗa kai kafin a canza sara. Ni na koma yi masa magana ido cikin ido, ina buɗe baki kamar mai koya wa yaro karatu, ina nuna wai haka ɗabi'ata take. Muka wayi gari kowa na ɓoye wa Yaya abin da ke jikin Yaya. A lokacin muna kiran abin ladabi. Yanzu da furfura ta cika mini kai na san tsoro ne ya fi yawa a ciki.

Ana cikin haka Mista Mensa ya zo daga Akara. Mai kamfanin faifai ne, mutum mai tumbi da yawan dariya, ya taso kusa da zango a Kumasi don haka yana jin Hausar kasuwa. Yana son ya naɗi waƙoƙinmu da kyau, ya kai mu wasa har ƙetare. Ya ɗauke mu zuwa sitidiyonsa don gwaji, a nan kuma dabararmu ta ƙare. Mai ganga ɗakinsa daban, a bayan gilashi, da abin sauraro a kunne mai ba shi ƙirgen sara. Yaya bai jin ƙirgen, kuma daga inda yake bai ganin ƙafar Sule. Kwana biyu ana maimaita waƙa ɗaya. A rana ta uku Mista Mensa ya ja ni waje.

"Sista Zenabu, ni ba na son wahala. Jita mai kyau, murya mai kyau. Amma babban buroda naka, kunne nashi ya tafi."

"Gajiyar hanya ce."

"Sista, ni da kai duka mun san ba hanya ba ne. Wata uku. Ka kawo wani mai ganga, mu sa hannu a takarda. In babu, ba faɗa, kowa ya kama hanya nashi."

Na zage shi a zuci tas, kamar yadda ake zagin mai faɗin gaskiya. A hanyar dawowa Yaya Idi ya zauna a bakin taga yana kallon daji. Da muka tsaya a Kintampo ya sauka ya sayo wa kowa burodi, ya miƙo mini nawa yana murmushi, na karɓa na cusa a jaka.

Abin da ya kamata in yi, ko yaron goye ya san shi yanzu. Ban yi shi ba. Na tara Awudu da Sule a bayan gida na ce mu nemi wani mu gwada tukuna, in ya yi sai mu san yadda za mu gaya wa Yaya. Su ma da yake neman mafaka suke yi, suka ce shawarar ta yi. Aka nuna mana Kofi. Malamin firamare ne daga kudu, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana zaune a unguwar Gurugu, yana buga ganga a cocinsu ranar Lahadi. Bahago ne, gajere kakkaura, in ka jera shi da Yaya Idi sai ka ce turmi da taɓarya. Amma hannu, Allah ya ba shi. Yaya kuwa ya gaji wata al'ada daga Baba: duk ranar kasuwar Savelugu yakan ɗaure akwatin kayan aiki a bayan babur ya tafi gyaran rediyo, tun safe sai magariba. Waɗannan ranaku muka sace. In je wurin Mma in ce za a kai kaya gyara, ta kwance makulli tana kallona irin kallon da ke sa mutum ya ji ƙaiƙayi a wuya, mu loda a tasi mu nufi rumfar wani kafinta a bayan gidan Kofi.

Ranar farko, bayan mun gaya masa halin da kunnen Yaya ke ciki, kafin ya taɓa sanda, Kofi ya dube ni.

"Sista, babban ya sani?"

"Ya sani."

"Ka tabbata? Ni ba na son in zauna wurin mutum a bayan shi."

"Na ce maka ya sani. Zauna mu ji."

Ƙafarsa ba ta kai ƙasa daga kujerar, don haka na tsuguna na murza jak ɗin Baba ƙasa, murzawa tara. Da muka tashi na mayar da shi sama, murzawa tara. Haka na riƙa yi duk ranar kasuwa, ina ƙirgawa a zuci kamar mai jan carbi. Kiɗan kuwa ya yi daɗi, kuma wannan shi ya fi ci mini rai. Sule ya daina buga ƙafa. Awudu ya rufe ido yana waƙa kamar da. Na aika wa Mista Mensa cewa ya shirya takardarsa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata ranar kasuwa hadari ya taso daga gabas, rumfar kafinta kuma na yoyo. Muka kwashi kaya a guje, wannan na rungume da amfilifaya, wancan na rufe ganga da rigarsa. Muka iso gida jiƙe sharkaf, muka jera komai a mazauninsa, na mayar wa Mma makulli ina jin na yi dabara. Washegari da hantsi aka fito gwaji. Yaya Idi ya zo ya zauna, sai gwiwoyinsa suka taso sama. Na manta murzawa tara.

Ya sunkuya ya dubi jak ɗin, ya shafa fatar ƙaramar ganga da yatsa.

"Wa ya zauna a nan?"

Awudu ya duƙufa gyaran tsirkiyar da ba abin da ya same ta. Sule ya dubi ƙafarsa. Ni da ba na rasa magana na ce, "Yara ne, Yaya, ka san su da wasa."

Ya bi bakina da ido har na gama.

"Yara ba su da ƙarfin murza jak ɗin Baba," in ji shi. "Kuma yaron nan naku bahago ne. Ga sawun sandarsa."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya jera sandunan a kan ganga, ya tashi ya fita. Da rana Mma ta aika masa da tuwo shago, kwanon ya dawo a rufe. Kashegari ma haka. A rana ta uku matarsa Ayishetu, mahaifiyarki ke nan Rahinatu, ta fito da duwatsu uku ta kafa murhu a ɗaya kusurwar tsakar gida. Tun da Baba ya gina gidan ba a taɓa ganin hayaƙi biyu ya tashi daga cikinsa ba. Ke ba za ki tuna ba, amma ni ina ganinki har yanzu, 'yar mitsitsiya da kitso biyu, tsaye a tsakiya da ɗan kwanonki, kina duban nan kina duban can, kin rasa inda za ki miƙa. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba. Duk da haka taurin kaina bai bar ni ba. Na ce ai don gidan na yi, wata rana zai gane. Muka yi makonni a haka, har labarin Gurugu ya kai masa, in mun haɗu a zaure in gaishe shi ya amsa, ya wuce.

Mista Mensa ya aiko cewa motarsa za ta zo ranar Asabar. Ranar Laraba na sami Mma tana fifita wuta.

"Mma, makulli."

"Wane makulli?"

"Na ɗakin kaya. Asabar za mu tafi Akara."

Mma 'yar Dagomba ce, a Hausarta mace da namiji duk kai ne. Ba ta ko ɗago ba.

"Ni ban hana kowa tafiya ba. Amma uban ku ya ce mai ci a tukunyan gida shi ke hawa. Yanzu tukunya biyu ne a gidan nan, ni ban san wanne ne na Tsawa ba. In ya koma ɗaya, ka zo ka karɓa."

Na yi ta zuba kamar kanya. Na ce wannan dama ba ta zuwa sau biyu, na ce yaran nan da me za su ci, na ce ni kaɗai ke tunani a gidan. Ta bar ni na gama, ta ce in miƙo mata gishiri. Da na ga ba hanya sai na yi abin da ake yi, na sayi goro na kai wa Kawu Alhasan, ƙanen Baba, ya je ya ba Yaya haƙuri a madadina. Ya dawo da yamma yana tauna nasa rabon.

"Ya karɓi goro, ya ce a gaishe ki. Ya ce amma wadda ta iya tsugunawa ta murza jak ta iya takowa shago."

Ranar Juma'a da safe na tafi. Kun san wurin: mai koko a dama, masu gyaran babur a hagu, 'yan makaranta na wucewa, titi cike. Ya ba ƙofa baya yana like wata waya da dalma. Na yi masa ina kwana da Dagbanci, "Dasiba, Yaya." Bai juyo ba sai da inuwata ta faɗa kan teburinsa. Ya amsa, "Naa." Na durƙusa a bakin ƙofa, na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mana, na ce a hankali na yi kuskure, ya yafe mini. Ban yi tunanin cewa in kaina na ƙasa ba zai ga bakina ba.

"Ɗago kanki, Zenabu. Ba na ji."

Na ɗago na maimaita.

"Ƙara."

Na ƙara. Ya girgiza kai. Maganar da ake yi da raɗa a bayan ƙofa, ni sai da na yi ta da muryar da nake ciniki da masu mota. Mai koko ta tsaya da ludayi a hannu.

"Na ji wannan," ya ce. "Na yafe tun ranar. Ba shi nake jira ba. Faɗi ɗayan."

"Wane, Yaya?"

"Abin da kuka gaya wa baƙo a Gurugu, ba ku gaya mini ba."

Ni Zenabu, da na tsaya gaban manyan mutane a Akara ban ƙifta ido ba, sai ga ni ina neman hanyar gudu. Na dubi titi, na dubi fuskarsa. Yana jira, idonsa a kan bakina. Na ja numfashi na kware murya.

"Yaya, kunnenka ya tafi! Ba ka ji. Ba za ka iya buga mana a Akara ba."

Masu gyaran babur suka ajiye sifana. Yaya Idi ya ajiye ƙarfen likinsa, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya irin ta wanda aka taimaka wa ya sauke kaya.

"Alhamdu lillahi," ya ce, da ƙaramar muryar da ni kaɗai na ji. "Shekara biyu nake jiran ɗayanku ya buɗe baki."

Sai ya zaunar da ni a kan wata matacciyar rediyo ya gaya mini. Ya san ciwonsa tun kafin ranar kiran sallar nan. Ya je asibiti shi kaɗai, an ce masa abin da ya tafi ba zai dawo ba. Amma ranar da Baba zai cika ya kama hannunsa ya ce ga ƙannenka nan, kada ka bar su.

"In na tashi da kaina, na yar da amanar Baba. In ku kuka ce in tashi, kun sauke mini ita. Kullum in zauna ina bin ƙafar Sule da ido, kunya kamar ta kashe ni, ina cewa yau za su faɗa. Ku kuna rufa mini asiri, ni ina rufa muku. Ba kujerar ce ta ƙona mini rai ba, Zenabu. Baƙo ya san ciwona kafin 'yan'uwana su yarda sun sani."

Na yi kuka a bakin titin nan, ba na jin kunyar faɗa, kuka har da majina. Ya bar ni na ɗan lokaci, sannan ya taɓa kafaɗata.

"Tashi haka nan, Manaja, kin tara mana jama'a ba tikiti. Je ki kawo mini bahagon."

Bayan an sauko daga masallaci Kofi ya zo cikin farar rigarsa ta koyarwa, gumi har ya jiƙa kwalar. Yaya Idi da hannunsa ya kwashe duwatsun murhu na biyu ya mayar bayan gida. Ayishetu ta ɗauko miyarta ta juye a tukunyar Mma, ba ta dubi inda nake ba. Aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo a kwano ɗaya, Yaya ya shimfiɗa tabarma ya zaunar da Kofi a gabansa.

"Babba, ka yi haƙuri," in ji Kofi, yana ɗaga murya yadda na koya masa a hanya. "Ni ban sani ba. Sista ya ce ka sani."

"Sista ta faɗi gaskiya ba da saninta ba. Na sani. Sa hannu."

Kofi ya sa hannu, tuwon ya ƙona shi, yara suka fashe da dariya, shi ma ya taya su. Mma ta kwance bakin zanenta ta ciro makulli. Na miƙa hannu, ta wuce ni ta ba Yaya Idi.

Da Yaya Idi da Kofi muka tafi Akara. A sitidiyo na tsuguna zan murza jak ƙasa, don tuni na mayar da shi tsayin Yaya, sai Kofi ya riƙe hannuna.

"Sista, bar shi. Shi ba zai sauka ba, ni ne zan hau."

Ya sa aka nemo masa katakai ya jera a ƙarƙashin ƙafarsa, daga baya kafintan Gurugu ya yi masa ɗan dakali da muke yawo da shi ko'ina. Yaya Idi kuwa ya koma wurin da ya fi kowa sani, bayan manyan lasifiku. Yakan ɗora tafinsa a jikin akwatin ya rufe ido, ya san in bes ya yi yawa, ya san in jita ta shaƙe, ya yi alama da yatsa a gyara. A ƙasashen da muka je, masu na'urori sun sha tambayata sirrin gurnanin Tsawa. Nakan nuna musu dogon mutumin nan da ke tsaye a baya da hannu a kan katako, su yi dariya suna zaton wasa nake. Kuma duk inda lokacin salla ya same mu a kan dandamali a garin da ake kira, Kofi ne ke fara ɗaga sanduna sama, Kofin da bai taɓa shiga masallaci ba.

Ba zan ce abin ya tafi a banza ba tare da ya ci wani abu ba. Yayana bai sake bugawa a gaban jama'a ba. Nakan kama shi wani lokaci yana kaɗa yatsu a gwiwa in ana wasa, sai in kau da kai. Ayishetu kuma har ta koma ga Allah ba ta sake kirana da sunana ba, sai Manaja. Ban riƙe ta ba, ita ta ga makonnin da mijinta ya yi ba ya iya cin abinci. Maganar da kika ce duk Sabonjida an sani kuwa, Rahinatu, gaskiyarsu. Titi ya ji abin da na faɗa domin da ƙarfi na faɗe shi. Amsar ubanki ba wanda ya ji sai ni, ni kuma kunya ta hana ni maimaitawa, domin in na faɗa sai na haɗa da ƙaryar Gurugu. Na zaɓi a ce mini mai taurin zuciya da a ce mini matsoraciya. Yau na ajiye wannan ma.

Idan na waiwaya, godiya ce ta fi yawa. Na gode wa Mma da ta ƙi kwance bakin zanenta. Da ta ba ni makullin ranar Laraba, da mun tafi Akara mun dawo da suna mun tarar ba gida. Na gode wa Kofi, wanda jikokinsa yanzu ke kiran gidanmu gidan Kaka. Na gode wa Mista Mensa, Allah ya sa ya ji, da ya faɗi abin da mu masu jini ɗaya muka kasa faɗa. Fiye da kowa na gode wa Yaya Idi, da bai karɓi haƙurina ta hannun Kawu ba. Ku yara, in wani cikinku ya fara gazawa, kada ku yi masa irin ladabin da muka yi. Ku je da kanku, ku ɗago kai yadda zai ga bakinku.

Damina biyu ke nan da muka kai shi makwancinsa. Kofi ma gwiwa ta hana shi hawa dakalinsa, 'ya'yan Awudu ne ke riƙe da Tsawa da sababbin kaya masu sheƙi. Makullin tsohon ɗaki yanzu a bakin zanena yake. Jiya da na kawo nan a rubutu na ajiye biro na je na buɗe. Kujerar na nan a kusurwa, fatar akuyar ta soma zubar da gashi, dakalin Kofi a ƙarƙashinta. Na tsuguna da ƙyar na kama jak ɗin, don in ji ko hannuna ya tuna murzawa tara. Ya ƙi motsi. Tsatsa ta riƙe shi, Rahinatu, daidai tsayin ubanki.